Asabar a Garwa: famfon tsakar gida da bututun bayan madafa

Ruwa ya dawo ana kiran sallar asuba. Bututu ya fara da tari yana fitar da iskar da ta taru a cikinsa, sannan ruwan ya biyo baya ja-ja da yashi. Na bar shi ya zuba a gindin darbejiya har ya washe, muka cika randuna da jarkoki. A watan Afrilu a Garwa, da zafi ke haura digiri 40 da rana, babu mai wasa da ruwa idan ya zo, duk da Binuwai tana nan kusa da mu.

Da muka gama na murɗa kan famfon, ya ƙi tsayawa. Ya jima yana ɗiga, amma yau ɗigon ya koma zirara. Maigida ya ɗauki kaya zuwa Kusiri, sai mako mai zuwa. Inna, mahaifiyarsa, tana zaune a tabarma da carbinta, ta ce, "'Yar nan, sa yaro ya ɗaure shi da roba kafin mai gidan ya dawo." Na ce, "Inna, ki bar ni in duba tukuna." Ba na son ɗaurin robar taya da ake yi a gidaje. Ruwan yana ci gaba da fita ta ƙarƙashinta, ido ne kawai ba ya ganinsa, kuɗin kuwa yana nan yana hawa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gyaran famfo ya yi a Ngaundere, ni ce kuma mai riƙe masa jakar kayan aiki ina ƙarama. Sifanarsa da filayarsa suna hannuna har yau. Na je bakin zaure na rufe babban makullin da ke bayan mita, na buɗe famfon ya tsiyaye, na kwance kansa. Abin da na zata ne: 'yar robar da ke danne bakin ruwan ta cinye, yashi ya yi mata zane a kewaye. Yashin nan da ke zuwa duk lokacin da ruwa ya dawo shi ke kashe ta, sai kuma yara masu murɗa famfo da dukkan ƙarfinsu. Na juya ta ta ɗaya gefen, na goge mazauninta da tsumma, na mayar, na buɗe makulli. Ɗigo ya tsaya. Wannan dabara ta ɗan lokaci ce, sai an sa sabuwa.

Na koma wurin mita, famfo a rufe, na banɗaki ma a rufe, babu mai ɗiban ruwa a gidan. 'Yar ƙaramar tauraruwar da ke fuskar mitar tana juyawa a hankali. Gabana ya faɗi, domin ma'anarta ɗaya ce: akwai inda ruwa ke fita ba mu sani ba. Mutane da yawa ba sa kallon mitarsu sai ranar da takardar biya ta zo. Baƙaƙen lambobin su ne ake biya a kansu, duk ɗaya da ta ƙaru lita 1000 ce, wato jarka 50 masu cin lita 20. Duk matar da ta taɓa tura yara neman ruwa a rijiyar burtsatse da tsakar rana ta san nauyin jarka 50.

Na bi layin bututun da ƙafa. A bayan madafa na tarar da ƙasa a jiƙe, ciyawa ta fito kore shar a wannan rani, tururuwa sun taru. Ruwan daminar bara ya zaizaye ƙasar wurin ya bar bututun PVC, wato na roba mai tauri, a fili, rana ta yi ta dukansa har launinsa ya koɗe, ya bushe, ya tsage kamar faso a diddige. Na rufe makulli, na yanko ɗan guntu da zarto na sa a jaka.

Mai babur ya kai ni babbar kasuwa. Mai shagon kayan famfo ya fara min da Fillanci, da ya ji harshena ya juya zuwa Hausa. "Hajiya, maigida ne ya aiko ki?" Na ce ni zan yi aikin. Ya dube ni, ya dubi guntun bututun da tsohuwar robar da na ajiye masa a kan tebur, sai ya gyara zama. Kawo tsohon abu hannu da hannu ya fi kowane kwatance, musamman a garin nan da kaya ke shigowa ta fuska biyu. Na Najeriya da inci ake kiransu, na tsarin Faransa kuma da lambobi: rabin inci shi ne 15/21, kashi uku cikin huɗu na inci shi ne 20/27. Bututun roba kuma da milimita ake auna shi, nawa mai 25 ne. Ya so ya ba ni wani mai sirarar fata da ya fi araha, na ƙi, domin irin wannan na wuce da ruwan datti ne, ba zai ɗauki ƙarfin ruwan famfo ba. Na sayi guntun bututu, mahaɗi biyu, gam, robobin famfo da farin tef na teflon. Ya nuna min famfunan tagulla masu nauyi da wasu masu ƙyalli marasa nauyi. Na ɗaga su duka na ajiye, namu na tagulla ne, roba kawai yake bukata.

Ban fara ba sai bayan la'asar. Gam ɗin PVC yana saurin kamawa a cikin zafi, mutum bai gama daidaita bututu ba ya riga ya daskare. Babbar 'yata ta riƙe min kaya. Na tone ƙasar gaba da baya domin bututun ya samu lanƙwasawa, na yanke wurin da ya lalace har na kai inda robar ke da sauran lafiya, na kankare bakin da wuƙa, na ɗan goge shi da takardar yashi. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne busarwa. Ruwa ya yi ta tsattsafowa daga ciki, gam kuwa ba ya kama jiƙaƙƙen bututu, sai da muka ɗaga bakin muka yi ta tsane shi da tsumma. Na shafa gam a cikin mahaɗi da bayan bututu, na tura da sauri na ɗan murɗa, na riƙe sosai kada ya turo kansa waje. Na biyun na bar wa yarinyar ta yi da hannunta, ina tsaye a kanta. Hannunta ya yi rawa, amma ya shiga daidai. Ina so ta iya wannan yadda ta iya tuƙa tuwo, domin duk gidan da za ta je, ita ce za ta fara sanin ruwa ya tsaya.

Yayin da gam ke bushewa na sa wa famfo sabuwar roba. Na kuma kwance shi daga jikin bututu, na naɗa tef a zaren, wato inda ake murɗa shi ya shiga bututu, ina bin hanyar da ake murɗawa a ɗaure, don kada ya warware idan famfon ya shiga. Inna ta matso da kujerarta tana kallo. Ta ce, "Ashe haka cikinsa yake." Ta tambaye ni inda makullin nan yake, na kama hannunta muka je bakin zaure na nuna mata. Shekaru take a gidan nan, ba wanda ya taɓa nuna mata shi.

Na bar ruwan a rufe har bayan isha'i, da abin da muka tara da safe muka yi girki da alwala. Da na zo buɗewa, a hankali na murɗa makullin, famfo a buɗe don iska ta fita, sannan na rufe shi na haska mitar da fitilar waya. Tauraruwar ta tsaya cak. Na shafa mahaɗan da hannu, a bushe suke.

Ramin na bar shi a buɗe zuwa safiya in ƙara dubawa kafin mu rufe. Zan zuba lallausan yashi a kewayen bututun, ƙasa ta biyo baya, in jera duwatsu a sama saboda damina. Maƙwabciyata ta aiko ɗanta cewa tankinsu yana ambaliya duk dare, na ce ya gaya mata zan shigo gobe da hantsi, kuma su nemo tsani.