Tarihin Rayuwata (Kashi na 14): Tsohon da ke hawa na 13

A makon jiya na tsaya ne a inda jirgi ya sauke ni a Shikago cikin watan Agusta na 2003, na shiga motar da za ta kai ni South Bend a jihar Indiana. Tafiyar ba ta wuce awa biyu da wani abu ba, amma ni duk hanya maganar Baba nake ta juyawa a raina.

Ana gobe zan baro Kaduna ya kira ni zaure bayan la'asar. Ya ce, "Na ji an ce makarantar ta 'yan coci ce." Na ce, "Haka ne, Baba, ta Katolika ce, amma karatun sulhu zan yi." Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "To, ka riƙe sallarka." Ban ga laifinsa ba. Shekara uku ke nan da aka ƙona mana shago a rikicin 2000, kuma har lokacin bai koma wannan layin ba.

Jami'ar Notre Dame kuwa ba ta ɓoye addininta. A jikin ginin laburarenta akwai wani ƙaton zanen Annabi Isa da ake hangowa daga filin ƙwallo, ginin kuma sunan mutum ɗaya yake ɗauke da shi: Theodore Hesburgh. Na ɗauka ya daɗe da rasuwa, don a wurinmu ba kasafai ake sa wa gini sunan mai rai ba sai in gwamna ne. Wata 'yar ajinmu ta yi dariya, ta nuna min sama, ta ce yana nan da ransa, ofishinsa na hawa na 13.

Limamin coci ne, an haife shi a 1917. Yana da shekara 35 aka ba shi shugabancin jami'ar a 1952, ya riƙe ta shekara 35 cif, har 1987. A zamaninsa aka fara ɗaukar mata karatun digiri na farko, a 1972. Cibiyar da ta kawo ni ma, wato Cibiyar Kroc ta nazarin zaman lafiya, sanadinsa aka kafa ta a 1986. Joan Kroc, matar marigayi mai kamfanin gidajen abinci na McDonald's, ta ji shi yana jawabi kan haɗarin makaman nukiliya, sai ta ba da dala miliyan 6. Ina can ta rasu a watan Oktoba, aka ji ta bar wa cibiyar wasiyyar dala miliyan 50. Wato dai kuɗin burodi da nama ne suka biya min makaranta.

Maganar nukiliya ba a littafi ya karanta ta ba. Sama da shekara goma yana wakiltar fadar Fafaroma a hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana, a lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke hararar juna, kuma ya ƙulla abota da wakilan ɓangarorin biyu.

Amma labarin da ya fi tsaya min a rai na kamun kifi ne. A 1957 Shugaban Amurka Eisenhower ya sa shi cikin hukumar kare haƙƙin 'yan ƙasa, mutum shida, uku daga cikinsu 'yan jihohin kudancin ƙasar, yankin da ake hana baƙar fata zaɓe da dabaru iri-iri. Kowa ya ɗauka ba za su taɓa haɗa baki ba. A 1959, da lokacin rubuta rahoto ya yi, sai ya kwashe su zuwa wani wurin hutu na jami'ar da ke bakin tafki a Land O'Lakes, jihar Wisconsin. Suka shiga kwale-kwale, suka kama kifi, suka ci suka ƙoshi, sannan da dare aka ɗauko takardu. Kusan duk shawarwarin da aka kawo sun wuce ba tare da wani ya ja da baya ba. Daga baya ya shugabanci hukumar, ya dinga faɗa wa Shugaba Nixon abin da ba ya son ji, har aka sauke shi a 1972.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake siffantawa. A 1969, ana tsakiyar zanga-zangar yaƙin Biyetnam, ya kafa doka cewa duk ɗalibin da ya tare wa wasu hanya za a ba shi minti 15 ya yi tunani, in bai janye ba a dakatar da shi. Mun yi musu sosai a kan wannan a aji, ni kuma har gobe ina ganin ya tsaurara.

Cikin azumi aka hau da mu mu gaishe shi. Tsoho ne mai farin gashi, shekararsa 86, ɗakin na warin sigari. Idonsa ya yi rauni har ɗalibai ne ke zuwa suna karanta masa jarida. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu hannu. Tambayar da na kwana ina shiryawa ta ɓace min, ban iya faɗin komai ba sai sunana da ƙasata.

Ranar Asabar na sayi katin waya na kira gida, na kwashe labarin kifin nan na ba Baba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ai haka marigayi Mai Unguwa yake yi, sai dai shi da goro da fura." Can kuma ya ce, "Kifin, su suka gasa da kansu?" Kafin in amsa kati ya ƙare.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da ƙanƙara ta fara sauka, na fita sallar Juma'a da takalmin fata na Kano.