Abin da gyaran keke ya koya mini game da keken dutse mai shoka biyu

Sana'ata gyaran keke ce, a wata rumfa da ke Agege, kuma a hannun maigidana na koya, dattijon da ya fara da facin taya tun zamanin da Raleigh ne keken gari. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, aka kuma janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu neman keke suka ƙaru a wurinmu. Akwai masu gadi da ke zuwa aiki Ikeja, akwai yaran kasuwa masu kai saƙo, akwai matasan da suka ga bidiyon Turawa suna gangarowa daga tsauni, ransu ya biya. Kusan kowannensu keke ɗaya ne ke fara ɗaukar idonsa: keken dutse mai shoka gaba da baya, mai jan sifirin a tsakiya da ƙatuwar taya. Kuma kusan kowa kuɗin aljihunsa a ƙirge yake.

Maigidana ba ya nuna wa mutum keke sai ya tambaye shi, "Ɗan'uwa, ina za ka riƙa hawa?" Daga wannan tambayar na fara gane sana'ar. Keken dutse ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970, inda wasu matasa ke gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekuna. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da keken dutsensa mai suna Stumpjumper, kuma ko shoka ɗaya babu a jikinsa. Sai a 1989 aka kafa RockShox, kamfanin da ke ƙera shokar keke, shokar baya kuma ta yaɗu cikin shekarun 1990. Aikinta shi ne ta riƙe tayar baya a ƙasa lokacin da mutum ke sauka da gudu kan duwatsu da saiwoyi. Mu nan Legas ba mu da tsauni. Ramuka muke da su, da bakin kwata, da yashi, da taɓo idan damina ta kankama. Mai zuwa Ikeja daga Agege kullum, taya mai kauri da aka ɗan rage wa iska ta ɗauke masa rabin wahalar hanya.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in iya bayyana wa mai saye shi ne cewa ba kowane sifirin ne shoka ba. Shoka ta gaske abu biyu ce a haɗe: sifirin, ko na ƙarfe ko na iska, da kuma mai da ke bi ta ƙananan ƙofofi a ciki yana rage saurin dawowarsa. Yawancin sababbin kekuna masu araha sifirin ne zalla, babu man. Gwajin ba wuya. Ka ɗora ƙirjinka a kan sirdi, ka danna da nauyinka, ka saki. Ta kirki za ta dawo a hankali ta tsaya. Ta banza za ta harbo sama da ƙara, ta yi ta rawa. A kan hanya, duk taka feda ɗaya sai keken ya lotsa, wani ɓangare na ƙarfin ƙafarka ya tafi cikin sifirin maimakon taya. Ga nauyi: mai shoka biyu na kirki na alminiyam yana kai kilo 14 zuwa 15, irin waɗannan na baƙin ƙarfe kuwa sukan haura kilo 18. Duk wanda ke ɗaukar kekensa zuwa ɗaki a bene, ko ya haye gadar masu ƙafa da shi a kafaɗa, ya san wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Dalilin kuwa lissafi ne. Kamfanin da zai sayar da keke da farashi kaɗan, kuma ya sa masa shokar baya da gaɓoɓin da ke motsi, dole ya rage wani wuri. A birki yake ragewa, da giya, da wili. Da kuɗi iri ɗaya, keke mai shokar gaba kaɗai yakan zo da birki mai kamawa da giyar kamfanin Shimano da ke shiga ba gardama. Ni dai idan mai ƙaramin ƙarfi ya nemi shawarata a kan sabon keke, can nake tura shi, kuma ba na jin nauyin faɗa, ko da cinikin ya rage mini riba. Birki ne ke tsakanin mutum da bayan danfo, motar hayar Legas.

Sai maganar gaɓoɓi, wadda ita ce ta fi kawo mana aiki. Bayan keke mai shoka biyu yana juyawa ne a kan ƙusoshi masu boris ko bushin. Ruwan Legas daga Afrilu zuwa Yuli, da yashi, da iskar teku mai gishiri, duk nan suke taruwa. Ka tsaya gefen keken, ka sa hannu ƙarƙashin sirdi, ka ɗan ɗaga kamar za ka raba tayar da ƙasa. Idan ka ji wani ɗan ƙwas kafin tayar ta tashi, gaɓa ta ci. Sannan ka riƙe tayar baya ka jijjiga ta hagu da dama. Na kirki boris ɗinsu yana da lamba a jiki, ana iya nemo irinsa wurin masu sayar da boris na inji. Masu araha bushin roba ne da ba a sayar da shi daban, idan ya cinye sai dabara, dabarar kuma ba ta jimawa. Ita kanta shokar tana da awon tsayi, akwai mai milimita 165, akwai 190, akwai 210, ba a ɗauko ta wani keke a ɗaura wa wani haka nan. In ta mutu sai an yi odarta da dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda abin ya koma.

Wanda ya ce shi lallai mai shoka biyu yake so, kuma yana da dalili, ba na hana shi. Akwai masu fita ranar Asabar su bi hanyoyin daji wajen Epe da Ikorodu, akwai masu ɗaukar keke zuwa Abeokuta ko Jos inda duwatsu suke, akwai kuma mai ciwon baya da jijjiga ke wahalar da shi. Irin wannan nakan ce masa, "Alhaji, mu nemi tokumbo." Tsohon Giant ko Trek ko Merida da aka kula da shi ya fi sabon da ba a san kamfaninsa ba nesa ba kusa ba. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka a duba da kyau. A goge wuraren walda a haska da tocila, musamman ƙarƙashin wuya da kusa da gaɓoɓi. Tsaga ko da siririya ce, a bar keken, domin alminiyam ɗin keke ba a kai shi wurin mai walda na bakin titi, yana bukatar gashi na musamman bayan waldar kafin ƙarfinsa ya dawo. A bi ƙafafun shoka da farce. Inda farce ya maƙale, nan ne zai yanke roba, mai ya fara tsiyaya. A duba girman wili ma: inci 26 tsohon yayi ne a Turai, amma tayarsa da tub ɗinsa sun fi samuwa a nan, sun kuma fi na 27.5 da 29 sauƙin kuɗi.

Kuma kada a zuba duk kuɗin a ciniki. RockShox sun ce a yi wa shokarsu ƙaramin sabis bayan awa 50 na hawa, babba bayan awa 200. Mai hawa awa biyu kullum, wata ɗaya bai cika ba zai kai 50. Shokar iska tana da famfonta na daban mai kai psi 300 a awon ƙarfin iska, injin mai faci ba zai yi ba, kuma ana saita ta ne yadda idan mai keken ya zauna za ta lotsa kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Birki mai mai shi ma da ƙa'idarsa: Shimano man ma'adini suke amfani da shi, yawancin tsofaffin birkin kamfanin SRAM kuwa man DOT, irin na mota. Na sha karɓar keken da aka zuba wa Shimano man birkin mota, robobin ciki suka kumbura, birkin ya tashi aiki gaba ɗaya. Ga sabuwar kaca, ga hular kwano, ga kwado mai ƙarfi, duk cikin kuɗin nan za su fito.

Idan ciniki ya faɗa, kafin mutum ya tafi nakan ba shi tsumma in nuna masa yadda zai goge ƙafafun shoka duk ranar da ya shiga ruwa, ya busar da kaca ya ɗiga mata mai. Nakan kuma roƙe shi kada ya kai keken wurin wankin mota, domin ruwan injinsu yana kore giris daga cikin boris. Bokiti da soso sun isa.