Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Saƙon Inna Zuwa Singafo

A makon jiya na tsaya a inda takardar gayyata zuwa taron duniya kan cin ƙwari da kiwonsu a ƙasar Singafo ta iske ni ina rabon irin gero ga manoma. Yau sai batun tafiyar.

Washegarin Babbar Sallar 2024 na bar ƙauyenmu, ana ta suyar naman layya, wasu ma ba su gama shuka ba. Na durƙusa gaban Inna ina yi mata sallama. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai, wai da gaske saboda fara za a sa ka a jirgi?" Na ce, "Da gaske ne, Inna." Ta jima shiru, sannan ta ce, "To Allah ya tsare hanya. In ka je ka tambaye su yadda suke gane wadda aka yi wa feshi."

Fiye da shekara 20 Inna tana sana'ar fara. Ranar Alhamis ake kawo mata buhu daga kasuwar Maigatari, yawanci ta Nijar. Kafin ta biya sai ta cusa hannu har ƙasan buhun ta ɗebo ta shinshina, kuma na sha ganin ta mayar da buhu guda saboda warin magani, ko da ranar ba mu da na cefane. Ta cire fiffike da ƙafafu, ta tafasa da gishiri, ta shanya, ta soya da man gyaɗa, ta barbaɗa yaji. Da wannan farantin aka saya mini littattafai, aka biya kuɗin jarrabawa. Yara na kirana ɗan mai fara a makaranta, abin yana ƙona mini rai ƙwarai a lokacin.

Ta Doha muka bi. Abin da ya fara tarbata a Singafo zafi ne mai damshi, irin wanda gumi ba ya bushewa a jiki. A filin jirgin Changi akwai ruwa mai kwararowa daga rufin gilashi, tsayin mita 40, bishiyoyi sun kewaye shi. Jirgin ƙasa yana zuwa kan lokaci, tituna tsaf, ko'ina kore shar. Amma ni malamin gona ne, idona gona yake nema, kuma ban gan ta ba. Jigawa ta ninka ƙasar kusan sau 30 a faɗi, amma mutanen Singafo sun kai wajen miliyan 6, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na abincinsu daga waje ake shigo da shi. Nan na fahimci dalilin da ya sa suka ɗauki maganar ƙwari da gaske.

Daga 19 zuwa 22 ga Yuni aka yi taron. Na farkonsa a Holan aka yi a 2014, shekara guda bayan Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya ce mutum kusan biliyan 2 suna cin ƙwari, iri sama da 1,900. Mu muna cikin wannan lissafin tun kaka da kakanni, da fararmu da shingenmu na farkon damina. Na ga garin gyare a leda an yi taliya da biskit da shi. Na ji labarin Tailan, inda masu kiwon gyare suka kai wajen 20,000.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen masu kiwon wani baƙin ƙuda da suke kira ƙudan soja. Ba ya cizo, ba ya bin kwanon abinci irin ƙudan gida. Tsutsarsa ce abin nema: a zuba mata ragowar abinci, dusa ko ruɓaɓɓen kayan lambu, cikin kamar mako biyu ta yi ɓul-ɓul, a busar a bai wa kaji da kifi, abin da ta bari a baya kuma ya zama taki. Ina tsaye ina rubutu, zuciyata tana wajen matan garinmu da suka sayar da kajinsu kaf saboda tsadar abinci. Tumatirin da ke ruɓewa a bakin kasuwa lokacin kaka kaɗai ya isa a fara da shi.

Ranar Juma'a na yi salla a Masallacin Sultan mai ƙubbar ruwan zinariya, na dawo na isar da saƙon Inna. Hannuna na rawa na karɓi lasifika, na ce mahaifiyata mai sayar da fara ce, ga tambayarta. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a bainar jama'a da ƙarfin murya. Amsar da na samu ita ce hanci ba ya kama kowane magani, sai gwaji a ɗakin bincike, shi ya sa aka fi karkata ga kiwo. Bayan dawowata, a watan Yuli, hukumar abincin Singafo ta amince a ci ƙwari iri 16, har da fara, bisa sharaɗin su zama na kiwo, ban da kamun daji.

Da na iso gida gero ya kai gwiwa. Bayan isha'i na zauna a bakin tabarmar Inna na kwashe komai na faɗa mata. Ta ce, "Fara ana kiwonta kamar kaji? To me suke ba ta?" Na yi bayani. Ta tambayi tsutsar ma, ko tana wari, ko kaji na yarda da ita. Can ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon daron da take tafasa fara a ciki, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ungo. Ka ce wa Baffanka ya ba ka gefen rumbu, can inuwa take wuni."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka yi da daron nan.