Abin da takardar gwajin jini ke nunawa a zazzaɓin denge

A Yamai, da zarar damina ta yi nisa, duk zazzaɓin da ya kama mutum sai a ce na cizon sauro ne, a sayo magani a sha. Amma akwai denge, wanda sauron Aedes mai ɗigon fari a ƙafafu ke yaɗawa, yana cizo da rana, yana hayayyafa a randa da tsofaffin tayoyi. Maƙwabciyarmu Burkina Faso ta rasa mutane fiye da 700 sanadinsa a 2023.

Idan gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba alhali jiki bai daina zafi ba, likita kan rubuta NFS, wato gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini. Fararen ƙwayoyin jini ne ke fara raguwa, sau da yawa zuwa ƙasa da 5,000 a mikirolita guda. Sannan plaket, ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda a jikin mai lafiya suke tsakanin 150,000 da 450,000, su sauko, wani lokaci har ƙasa da 100,000. Gwajin hanta, ASAT da ALAT, shi ma yakan hau. A cikin gwaje-gwajen gano denge kansa, NS1 yana kama cutar a kwanakin farko, IgM kuwa sai bayan kwana biyar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda dangi ke kafa ido a kan layin plaket kaɗai, suna riƙe da takarda a bakin ɗakin gwaji hankalinsu a tashe, alhali hematokirit, wato ma'aunin kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ne ke ba da labarin haɗari. Tsakanin kwana na uku da na bakwai, daidai lokacin da zazzaɓi ya sauka ana cewa “Alhamdulillahi, ya samu sauƙi”, ruwan jini na iya tsiyayewa daga jijiyoyi zuwa ciki da ƙirji, jinin ya yi kauri. Hematokirit da ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari bisa yadda yake a da, plaket kuma na faɗuwa, alama ce cewa mara lafiya yana buƙatar gado a asibiti da ƙarin ruwa bisa lissafi. Shi ya sa gwaji ɗaya bai isa ba. Na san kuɗin maimaitawa yana yi wa iyalai nauyi, amma sai an jera takardar jiya da ta yau ake ganin inda ciwon ya dosa.

Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa ko jini daga dasashi ba sa jiran wayewar gari. Kafin a isa wurin likita, a tsaya ga parasetamol, a guji asfirin da ibuprofen da diklofenak, domin suna ƙara zubar jini.