Abin da sintirin unguwa ya koya mini a Katsina

A unguwarmu da ke bayan Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, ƙwacen waya da fasa shaguna da fitinar ƙauraye, waɗanda kan tare lungu da zarar an idar da sallar isha'i, su ne suka sa muka kafa ƙungiyar sintiri. Mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar masallaci, aka rubuta sunayen masu son shiga, kowa da dattijon da ya tsaya masa, sannan aka kai takardar wurin baturen 'yan sanda na yankinmu domin su san fuskokinmu, mu kuma mu karɓi lambar da za mu kira cikin dare. Kayan aikinmu tocila ce da usur da gora, kuɗin batir da na shayi kuwa daga karo-karon gidaje suke fitowa. Aikinmu dabam yake da na dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023 domin tunkarar 'yan bindiga a yankuna irin su Jibiya da Batsari da Safana, domin mu ba mu da albashi, ba ma riƙe bindiga, kuma iyakarmu lungunan unguwarmu.

Mafi wuyar aikin yana farawa ne bayan an yi kamu. Wani dare cikin hunturu muka riƙe wani yaro da ya diro daga katanga rungume da batirin sola, kafin mu ankara jama'a sun fito da taɓare da duwatsu, kowa yana neman ya huce haushin abin da aka taɓa sace masa. Sai da muka yi masa zobe da jikinmu, muka shigar da shi zauren mai unguwa yana karkarwa, muka tsaya a ƙofa har motar 'yan sanda ta iso. Doka ta ba kowane mutum damar kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma da sharaɗin ya miƙa shi ga hukuma ba tare da jinkiri ba. Dukansa kuwa laifi ne mai zaman kansa, kuma a ganina duk ƙungiyar da ta saba da duka ta kusa zama abin da aka kafa ta domin ta hana.

Ƙorafin da na fi ji shi ne wai a kai ɓarawo yau, gobe a gan shi yana yawo. Da na riƙa bin sawu har caji ofis, sai na fahimci cewa sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta gurfanar da wanda aka tsare cikin kwana ɗaya matuƙar akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma sau da yawa mai kayan ba ya zuwa ya rubuta bayani, ko don gudun jeka-ka-dawo, ko don tsoron ramuwa, ko don mahaifiyar yaron ta riga ta zo tana kuka tana cewa, "Malam, ku rufa mana asiri, ɗanku ne." Idan babu mai ƙara babu shaida, ɗan sanda ba shi da abin da zai kai gaban alƙali.

Saboda haka muka tsara cewa duk wanda muka kama, mutum biyu daga cikinmu za su raka mai kayan ya ba da bayani, su kuma halarci kotu ranar da aka buƙace su. Ƙananan yara da suka yi ɗan hali karon farko, mukan amince a sasanta a gaban mai unguwa da liman da sanin 'yan sanda, a biya kayan, a samar wa yaro wurin koyon sana'a. Wanda ya zaro wuƙa kuwa, ko ɗan wane ne, maganarsa tana kotu, kuma muna rubuta sunansa da ranar zamansa a littafin da ke hannun mai unguwa.