Biyan kuɗi da waya a kanti: hanyoyin da na gwada

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin Naira 200, 500 da 1000, na daina yawo da tsabar kuɗi masu yawa. Cefane, magani, yadin yara a Kantin Kwari, duk da waya nake biya. Abin da na lura da shi shi ne, ciniki ba ya ƙarewa sai mai kanti ya gamsu kuɗinsa sun shiga, kuma da wannan nake auna kowace hanya.

Na fara da lambobin banki irin su *737# da *894#. Ba ruwansu da data, ƙaramar waya ma tana yi. Sai dai ana cire Naira 6.98 duk shiga ɗaya, kuma in ka yi nawa wajen danna lambar asusu sai ta katse, ka koma farko, ga mutane tsaye a bayanka. In ka gama kuma babu rasit ɗin nunawa, sai zaman jiran alat. Yanzu na bar ta don ranar da data ta ƙare, ko in na je ƙauye.

Turansfa ta manhaja ita ce ta kama kasuwa. OPay, PalmPay, Moniepoint, za ka ga lambar a jikin kwali an rubuta da maka, an liƙa kusa da sikeli. Ina danna lambar, suna ya fito, sai in karanta da ƙarfi: "Alhaji, wannan sunan ne?" Sai ya ce e nake turawa. Masu alat na bogi sun ɓata wa kowa, shi ya sa ba na jin haushi in ɗan kasuwa ya ƙi yarda da abin da na nuna masa a wayata. Haƙƙinsa ne. Inda na fi samun sauƙi shi ne shagon da asusunsa ke haɗe da na'urar POS: kana turawa na'urar ta nuna, yaron shago ya cire rasit, ba sai an kira maigida a waya ana tambayar ko ya ga kuɗi ba. Daga Naira dubu 10 zuwa sama akwai harajin Naira 50, gara a yi maganarsa tun kafin a ɗaure kaya.

Akwai ranar da wani banki ya cire mini kuɗin buhun shinkafa, mai shago bai gani ba. Na bar buhun, na karɓi lambarsa, washegari kuɗin suka dawo mini. Tun daga nan nake raba kuɗina gida biyu, in sabis ya tsaya a ɗaya in koma ɗayan, kuma ba na sake turawa sai na duba ragowar asusuna.

QR, wato hoton nan mai murabba'i da ake haskawa da kyamarar waya a biya, ita ce ke ba ni takaici, domin ta fi dacewa da mu: babu danna lamba goma, balle ka kuskure ɗaya. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou a China suna ba da labarin yadda ko mai sayar da 'ya'yan itace ke karɓar kuɗi ta QR da manhajojin WeChat Pay da Alipay. A nan ma NIBSS, mai kula da turansfa tsakanin bankuna, ta fito da tata QR mai suna NQR a Maris 2021, eNaira, kuɗin waya na Babban Banki, ta biyo baya a Oktoba. Amma shagunan da na ga takardar QR a manne, rana ta kodar da ita, in na tambaya sai yaro ya ce, "Yallabai, ka yi turansfa kawai."

Kara waya a jikin na'ura kuwa, irin na Apple Pay, a Madina na ga ana yi, ko ruwan sha mutum ya saya. Babban Banki ya fitar da ƙa'idarsa a 2023: iyaka Naira dubu 15 a biya ɗaya, dubu 50 a yini. Wayata ba ta da NFC, fasahar da ake wannan biyan da ita, haka ma wayoyin yawancin waɗanda nake hulɗa da su a kasuwa.