Abin da ratayar zomo ta koya mini kafin in ajiye farauta

Bana da aka gama kaka aka fara kiran farauta, ban ɗauki gorata ba. Na riga na yi sallama da maigidana. Masu cewa tsoron daji ne ya kore ni su ci gaba da faɗa, waɗanda muka taka ƙaya tare tsakanin Ringim da Taura sun san ba haka ba ne.

Aikina a ayarin rataya ne. Maigida ya jefa kere, karnuka su cim ma zomo, ni in ruga in ƙwace kafin su yayyaga shi, in yi bisimilla in yanka, in ɗauka. Dokarsa guda ce: ba a farke cikin zomo a daji, sai an dawo gida an baje a gabansa. Wai yara suna gasa hanta a ɓoye, wai kuma zomon da ba a taɓa ba ya fi cika idon mai saye. Da hunturu dokar ba ta cika yin ɓarna ba, sanyi yana rufa mana asiri. Amma farautarmu tana kaiwa har Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙasa tana ƙona tafin kare.

Zomo maciyin ciyawa ne, kuma a cikinsa akwai wani ƙaton hanji inda ciyawar ke tsimuwa. Ransa ya fita, amma tsimin nan bai tsaya ba. Ciki ya kumbura, fatar cikin ga ta siririya, kafin wani lokaci naman mara ya fara yin kore. In kuwa haƙorin kare ya huda cikin, ko kere ya fasa hanji, to abin ba ya jiran la'asar.

Wata Asabar, jajiberin kasuwar Gujungu, Allah ya ba mu sa'a tun hantsi. Maigida ya zo da wata ƙatuwar leda ya shimfiɗa a cikin buhu, don kada jini ya ɓata masa kujerar sabon babur. Da rana ta take na taɓa buhun na ji ɗumi, na matsa kusa da shi na rage murya.

"Baba, a yi haƙuri, ko na safen nan kaɗai a bari in cire musu kayan ciki."

"Kai yaro, ni za ka koya wa daji? Ina jifan zomo tun ba a ɗaura auren uwarka ba. Ɗaure bakin buhu."

Na ɗaure. Da muka isa gida aka kwance a gindin tsamiya, sai da mutane suka ja da baya suna toshe hanci. Ka kama gashin zomo sai ya biyo hannunka. Na ƙasan buhu kam ko karnuka sai da suka shinshina suka yi jim. Nan take, a gaban dattawa da yaran unguwa, ya nuna ni da gora ya ce ni na yar da buhu a rana na tafi hira. Ya hana ni kasona na ranar, ya ce asarar ma a wuyana take. Akwai mutum uku a wajen da suka ji lokacin da na roƙe shi, babu wanda ya ce uffan. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ashe mutane ma haka suke.

Wanda ya koya mini aikin na gaskiya wani dattijo ne a ayarin, muna ce masa Kawu. Shi ba ya jayayya da kowa, nasa zomon dai ba ya kai minti goma da kayan ciki. Yana yankawa zai riƙe shi ta ƙafafun baya jini ya tsiyaye. Sai ya juya shi, kai sama, ya dafa marar da babban yatsa ya shafa ƙasa, fitsarin ya fita. Wannan ɗan abin da yawa ba sa yi, shi ya sa za ka ci romon zomo ka ji zarni. Daga nan ya tsunkuli fatar ciki ya ɗaga, ya ɗan tsaga, ya zura yatsu biyu, ya sa wuƙa a tsakaninsu kaifinta na kallon sama, ya ja har ƙirji. Tsinin wuƙar ba ya taɓa hanji ko kaɗan. Hannu ɗaya zai sa ya kwaso komai.

"Ɗan nan, dubi hantar tukuna," haka yake ce mini kullum. Lafiyayya ja ce wur mai duhu, sumul. In ya ga fararen ɗigo a jikinta, ko ƙananan ƙululu masu ruwa a jikin hanji, ba ya kai wannan zomon gida. Mai kyau kuwa zai cire 'yar matsarmamar a hankali da bakin wuƙa, don in ta fashe ɗaci ya gama da hantar. Ba ya wanke ciki da ruwan kududdufi, busasshiyar ciyawa yake sa wa ya goge, ya tokare cikin da ɗan kara iska ta shiga, ya rataye a sanda. Fatar yakan bar ta a jiki saboda ƙura da ƙuda, sai a gida a feɗe ko a babbake, abin da ba za a ci a ranar ba a yi bandarsa a daren.

Abu ɗaya da na saɓa da kusan kowa a kai shi ne jefa wa karnuka ɗanyen hanji. Ana cewa ladan gudunsu ne. Ƙululun nan da na ambata 'ya'yan tsutsar ciki ne, kare ya ci su girma a cikinsa, ya yi kashi a ciyawa, zomo ya ci ciyawar, haka abin ke ta zagayawa. Sai ka ga kare yana ci yana ramewa, a ce sammu aka yi masa. A dafa a ba su, ko a tona rami a binne.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. Mai ciwo a hannu kada ya farke ciki, ko ya ɗaura leda a hannun, amfanin leda ke nan a daji. Kada a haɗa zomo da ɓera a buhu ɗaya, zazzaɓin Lassa ta ɓera yake zuwa. A duba jiki saboda kaska in an dawo. Dajin Baturiya da na Falgore gandun gwamnati ne, duk wanda ya ce ka bi shi ciki, ranar kamu kai mai rataya za a samu da kaya a kafaɗa.

Maigida har yau muna gaisawa a masallaci, ina durƙusa masa yadda aka saba. Kason ranar nan dai bai ba ni ba, kuma na ji dokarsa tana nan. In kun je sayen zomo, ko a hannun wa kuka gan shi, ku ja gashin mara, ku buɗa cikin ku shinshina kafin ku taya.